Gidan Mai Zanen da Na Ce an Rufe

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Janairu, ina tsakiyar raba wa marasa lafiya maganin safe, wayata ta yi ƙara. Inna ce, matarka. Ta ce, "Sai haƙuri, kawunki ya cika bayan asuba." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye tiren magani na jingina da bango. Kafin in sami mota in iso, an riga an kai ka makwancinka.

Kawu, mutane suna ta faɗin alherinka, kuma ba wanda ya yi ƙari. Shekara arba'in da 'yan kai kana rubuta allunan shaguna, kana bisa tsani da burushi a hannu, wani kuma a haƙori. Telar bakin layinku ta ba ni labari tana kuka, ta ce lokacin da mijinta ya rasu ta buɗe shago, da safe kawai ta tarar da allo a rataye, kuma duk bayan damina sai ka dawo ka sabunta masa fenti ba tare da ta kira ka ba. Ni kuwa da mahaifina ya rasu, kai ne kake kai ni makaranta a bayan kekenka, ina shaƙar warin kananzir a rigarka. Sunan mahaifiyarka aka sa mini, shi ya sa ba ka taɓa kirana da komai ba sai Uwata. In na yi fushi sai ka durƙusa a gaban mutane ka ce, "Uwata ta juya mini baya, yau ba ni da albarka," har sai na yi dariya.

Amma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da na yi maka, yana cina.

Shekara uku da suka wuce ka zo wurina a babban birnin da nake aikin jinya, domin a duba idanunka. Likita ya ja ni gefe ya ce hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiyar, da wuya ganinka ya ƙara shekara. Na fito na ce maka an ce a ci gaba da ɗiga magani. Ka gyaɗa kai, ka zaro wata takarda daga aljihu. Wurare uku ka rubuta da wannan kyakkyawan rubutun naka: gidajen adana zane-zane guda biyu, da gidan wani tsohon mai zane da ya daɗe da rasuwa, wanda aka bar ɗakin aikinsa yadda ya tafi ya bar shi. Ka ce na ukun nan shi ne babba a wurinka.

A gidan farko na gane na ɗebo wa kaina aiki. Kowa yana kallon zane ta gaba ya wuce, kai kuwa sai ka koma gefe, ka karkata wuya, kuncinka ya kusa taɓa bango, wai kana duba kaurin fenti. Sau biyu mai gadi yana ce maka ka koma bayan igiya. A na uku shi ma ya sunkuya yana leƙen abin da kake leƙe.

"Dubi nan, Uwata," ka ce. "Nan hannunsa ya gaji. Ya bar shi ya bushe, ya dawo washegari da zuciya sabuwa."

Ni ban ga komai ba sai hoton wata mata da kwando. Gida mai ɗaki fiye da arba'in, muka yi awa uku a kan zane huɗu. Ƙafafuna suka ɗauki zafi, na shiga duba agogo. Sai na zaro waya na bi bango ina ɗauka ƙyat-ƙyat, na dawo na ce, "Kawu mu tafi, na ɗaukar maka duka. Zan wanke maka su ka kalla a gida a tsanake." Ni da na ji abin da likita ya faɗa da kunnena, ni ce na ce maka haka. Ka dube ni ka ce Allah ya yi albarka.

Ranar ƙarshe, Alhamis, aka tashi da yayyafi. Gidan mai zanen sai an canza bas sau biyu, kuma washegari zan koma aiki. Na tuna tsayuwar kwana biyun nan, raina ya ƙi. Na latsa waya kamar mai bincike, na ce maka an rufe gidan ana gyara. Ka ninke takardarka a hankali ka mayar aljihu. "To, Allah bai nufa ba. Sai wani zuwan." Muka ƙare ranar a kasuwa muna zaɓar wa Inna tukwane.

Ba a yi wani zuwan ba. Wata takwas bayan nan idanun suka rufe. Hotunan da na wanke suna nan cikin durowa, ko ambulan ɗin ba a yage ba.

Daga nan duk wayar da muka yi sai ka ce, "Uwata, sun gama gyaran nan kuwa?" In ce har yanzu. Ka yi dariya ka ce maginan nan sun fi ka nawa. Ka roƙe ni in an buɗe in je in gano maka abu ɗaya tak: ta wane ɓangare tagar ɗakin take, ta ina haske yake sauka a hannun mutumin. Na ce to. Shekara biyu ina cewa to. Duk sanda na yi niyya sai kunya ta riƙe ni, don na san in na je dole in ba ka labari, kuma muryata za ta tona ni.

Kwana uku da rasuwarka muna zaune da Inna a ɗakinka, na kasa riƙewa na faɗa mata. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ai ya sani," ta ce. "Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a rubutun allo, wane allo ne zai wuce shi? Tun a ƙofar gidan farko ya karanta wani allo, an rubuta gidan mai zanen nan kullum a buɗe yake sai Litinin. Ya ce mini, Uwata ta gaji ne, kada ki kuskura ki tona ta."

"To me ya sa yake ta tambayata, Inna?"

"So yake ki je. Ya ce ke kullum a guje kike, ba ki taɓa tsayawa kin kalli abu ba."

Na je ranar Asabar, Kawu. Minti arba'in ne daga ƙofata. Ɗakin ƙarami ne, a saman bene. Tagar tana hagu, can sama kusa da rufi, tana fuskantar arewa, hasken yana saukowa a sanyaye kan teburin, ba ya jefa inuwa a inda hannun dama zai yi aiki. Kujerarsa an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Daɓen duk ɗigon fenti ne. Na tsaya har mai gadi ya zo ya ce za a rufe. Na fito bakin titi da amsarka a bakina, babu wanda zan kira.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya cika shi da haske. Allah ya mayar maka da ganin da ka rasa, ya nuna maka abin da ido bai taɓa gani ba. Inna, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, ke da 'ya'yansa da jikoki da duk wanda allon Kawu yake rataye a ƙofarsa. Ni kuma ku taya ni roƙon gafarar Allah, domin wanda ya kamata in durƙusa wa ya yafe mini tun ranar, ya tafi bai ba ni damar roƙonsa ba.