Ruwan da Ke Jiƙa Bayan Mai Feshi

Maigidana mai feshi ne. Gonarmu ta gado tana gefen Kademi, gero da wake da 'yar gyaɗa, kuma ba ta kai mu ƙarshen shekara. Shi ya sa da damina ta kankama yake goya injin feshi ya bi gonakin mutane, yau Balan, gobe can wajen Ajingi. Farkon damina maganin ciyawa, idan wake ya fara fure kuma maganin ƙwari. Ya shekara goma sha wani abu yana wannan aiki kafin abin da zan faɗa ya faru.

Kullum in ya dawo, bayan rigarsa a jiƙe yake sharkaf, ga wani wari mai hawa kai da ke riga shi shigowa gida. Ni kuwa ina tsaye da ƙwaryar nono. Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta koya mini tun ina amarya cewa mai feshi ba ya cin komai sai ya fara shan nono, domin nono ne ke wanke dafin maganin daga ciki. Duk matan masu feshi haka muke yi. Akwai Bafulatanar da ke kawo mana kowace safiya, in ware nasa in rufe da faifai, ko yara ba sa taɓawa. Har wani daɗi nake ji a raina in na ga ya kafa kai ya shanye, ina ganin na tsare mijina.

A hankali ya fara ciwon kai mai naci. Sai yawan tara yawu, sai idonsa ya riƙa yin ja. Wata rana yana alwalar Magariba na ga buta tana rawa a hannunsa, ruwa na zuba gefe. Na kau da kai don kada ya san na gani. A asibiti aka ce ya huta da feshi. Da muka fito ya ce mini, "In huta mu ci me? Ƙara mini nonon kawai." Na ƙara.

A daminar nan ne mai unguwa ya aiko cewa wata malama daga jami'a tana neman masu feshi. Yarinya ce, ba za ta girmi ƙanwata ba, da dogon hijabi da takalmin roba na shiga gona. Ta ce wata gidauniya ce ta ba ta tallafi ta binciko ta inda maganin feshi yake shiga jikin masu aikin, da yadda za a tare shi. Da yake mace ce, har cikin gida ta shigo, a ɗakina ta yi sallar Azahar.

Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, tun daga birni kika ƙona mai don ki kalli mutum yana feshi? Ku dai kun ji daɗinku."

Malamar ta yi dariya ta ce, "Inna, ai kallon ne aikin."

Abin da ta fara kawowa wata farar riga ce ta leda, haɗe da wando da hula, irin wadda aka ce masu feshi ke sawa a wasu ƙasashe. Maigidana ya saka ya fito tsakar gida, Inna ta riƙe baki ta ce, "La'ilaha illallahu, wa aka yi wa rasuwa?" Ya tafi gona da ita. Ko awa guda bai yi ba ya tuɓe ta ya rataye a kan kargo. Da malamar ta tambaye shi dalili ya ce, "Malama, maganin nan in zai kashe ni sai ya ɗau shekaru. Wannan rigar taki kuwa kafin Azahar za ta gama da ni." Ba ta ji haushi ba. Ta rubuta a littafinta, ta ce duk waɗanda ta ba su haka suka yi.

Zuwanta na biyu ta zo da wani gari a 'yar kwalba da wata tocila mai shuɗin haske. Ta ce garin ba ya cutarwa. Za a zuba shi cikin ruwa zalla a injin, ya yi feshi kamar yadda ya saba, in ya dawo a shiga ɗaki mai duhu a haska shi, duk inda ruwan ya taɓa zai yi ƙyalli. Ya je ya yi ya dawo da hantsi. Muka toshe taga da bargo. Sai kuma aka yi cirko-cirko, don dole ya cire riga, shi kuwa ya ce ba zai tuɓe a gaban matar da ba tasa ba. Ita ma kunya ta kama ta. Sai ta miƙo mini tocilar da wata takarda mai zanen mutum gaba da baya, ta ce, "Yaya, ai kin yi sakandare. Ki shiga, duk inda kika ga haske ki shafa masa biro a nan. Ni ina bakin ƙofa."

Na tura ƙofa, na yi bisimilla, na kunna.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tun daga ƙeyarsa har ƙugu bayansa ƙyalli yake, layi-layi, kamar an kwara masa madara ta gangaro. Hannuwansa ma haka. Har leɓensa, domin in bakin injin ya toshe, da baki yake hurawa.

"Me kika gani?" in ji shi, don shi ba ya ganin bayansa.

"Malam, bayanka duka."

"Gumi ne."

"Gumi ba ya haske," in ji malamar daga waje.

Sai ya faɗi abin da ban taɓa sani ba. Robar da ke cikin murfin injin ta tsinke tun shekarun baya, bai sake ta ba. Ya san ruwa na ɗan tsiyayowa in yana tafiya. Ya ce yawancinsu haka suke barin nasu, da gangan, saboda in rana ta take, wannan sanyin da ke bin baya shi ke riƙe mutum ya ƙarasa gona. "Ai na ɗauka sai abin da aka shaƙa ko aka haɗiye," in ji shi. "Fata kuma ai ba baki gare ta ba."

Ban san abin da ya sa na juya tocilar kan hannuna ba. Ni na karɓi rigarsa da ya cire. Tafina biyu suna ƙyalli, da waɗannan hannuwa kuwa nake dama wa yara fura. Na zauna a bakin gado, hawaye ya zo mini, na kasa shafa biron sai da na daɗe.

Da na fito na tambaye ta maganar nono. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Nono abinci ne mai kyau, Yaya, ki ci gaba da ba shi. Amma ba ya fitar da abin da ya shiga ta fata." Inna tana jin mu. Ta ce, "To, yau kuma nono ne ya zama maƙaryaci? Ni da na raini 'ya'ya bakwai?" Ta shige ɗakinta. Can sai ga ta ta fito ta ce in ba ta tocilar. Ta sa ɗanta ya koma ɗaki, ta shiga ta haska da kanta. Ba ta daɗe ba ta fito, ta ajiye tocilar a kan turmi. Ranar ko abincin rana ba ta ci ba.

Sabuwar roba dai an sa wa murfin, amma malamar ta ce tsofaffin injinan nan ko an gyara sai sun yi yoyo ta wani wajen. Kwana biyu ina juya abin a raina. Ina wanke-wanke sai na tuna lokacin da nake goyon 'yar autata. In za ni unguwa ba na son ta jiƙa mini baya, nakan shimfiɗa leda tsakanin zane biyu kafin in ɗora ta. Injin nan ai goyo ne. Da malamar ta dawo na faɗa mata ina jin nauyi, don kada ta ga na shiga abin da ba nawa ba. Ta zaro ido ta ce, "Kina da keken ɗinki?"

Daga cikin tallafin nan ta sayo tamfol mai kauri da yadin auduga. Muka zauna a tsakar gida, ni a kan keke, ita tana yanka. Na farko da muka ɗinka ya tare baya, sai dai ruwan ya gangara ya shige wando, maigidana ya dawo yana tafiya a tale, Inna ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Na biyu muka tsawaita shi ya wuce ƙugu, muka lanƙwasa bakinsa don ruwan ya zuba gefe. Na uku muka ƙara masa wuya mai tsayi saboda ƙeya, muka bar haƙarƙari a buɗe iska ta riƙa shiga. Allura huɗu na karya. Wannan na ukun ya ɗaura, ya gama gona guda bai cire ba. Na shiga ɗaki da tocila, na haska, bayansa duhu. Na sake haskawa. Na ɗaga murya na ce, "Malama, babu!" Na ji ta tana tafi a waje tana hamdala.

Amma da muka zauna ta ce kada mu yi saurin murna. Mutum ɗaya ne, rana ɗaya, da ruwa zalla. Kafin ta iya cewa abin nan yana kare lafiya, sai an gwada shi a kan mutane da yawa damina guda cur, ana auna jininsu, a ga ko tamfol ɗin ba ya shan maganin in ya tsufa. Tallafin da aka ba ta kuwa na damina ɗaya ne. Ta ce ta rubuta neman na biyu.

Bayan an cire gyaɗa ta kira ni a waya. Daga sallamarta na gane. Ba a ba ta ba. An ce masu nema sun yi yawa, ta sake gwadawa wata shekarar. Na ce, "To ni dai ki faɗa mini, in yana sawa ya tsira?" Ta ce, "Wallahi Yaya ban sani ba. Na san ya fi babu. Abin da ya wuce haka shi ne abin da na so in gano." Ni da ya kamata a lallashe ni, sai na koma ina ba ta haƙuri.

Da can in na ji a rediyo ana maganar kuɗin bincike, ɗauka nake wani abu ne na manya a ofis. Ashe shi ne man motar da zai kawo yarinyar nan Kademi, shi ne garin da ke cikin kwalba, shi ne kwalaben ɗibar jini. Ina ganin masu hali suna haƙa rijiya suna gina masallaci, Allah Ya saka musu. Nakan ce da ma wani daga cikinsu zai san cewa riƙe irin wannan malama ta ƙarasa aikinta shi ma sadaka ce mai gudana. Tun daga ranar ban yi sallah na manta da ita a addu'a ba.

Da damina ta dawo maigidana ya ci gaba da feshi, yana ɗaura tamfol ɗin, ya daina hura bakin injin, ya koma sa tsinke. Ciwon kan ya ragu. Rawar hannun kuwa tana nan, wata rana ta lafa, wata rana ta taso.

Wata Laraba aka kira shi wata babbar gona a hanyar Ajingi, irin aikin da ba kullum ake samu ba. Ya fita da sassafe a gaggauce a bayan babur. Sai da na gama shara na ɗaga kai na ga tamfol ɗin a kan igiyar shanya, ni na wanke shi jiya na manta ban sa masa ba. Na kira wayarsa ba ta shiga. Na san halinsa, ba ya iya ce wa mutum a'a, balle ya yi doguwar tafiya. Na shiga ɗaki na yi raka'a biyu, na fito na rasa abin yi, na zauna ina tsince wake ina sake tsince wanda na riga na tsince.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji sallamarsa. Na tashi, kafin in amsa na kai hannu bayan rigarsa. A bushe.

"Na ce wa mai gonar sai gobe," in ji shi yana sauke injin. "Ya ce gobe ta yi masa nisa, ya kira wani."

Inna daga bakin ƙofarta ta ce, "Kan wannan tsumman ka bar aikin?"

"A kansa, Inna."

Ta dube shi ta ce, "Allah Ya kawo wani." Na ce amin.

Ya zauna a kan tabarma yana kwance igiyar takalmi, yatsunsa na ɗan karkarwa, sai da ya yi sau biyu kafin ƙullin ya warware. Bai ɗago ba ya ce, "Sauko mini da tamfol ɗin, ki ninke ki ɗaure a jikin injin tun yanzu. Kuma ki ɗinka na biyu, saboda ranar wanki."