Tsohon da Ya Bar Layinsa a Anandpur

Karatu ya kawo ni Indiya daga Kurfi, ƙawata Jaslin kuma ta jawo ni Anandpur kallon Hola Mohalla, bikin da mabiya addinin Sikh ke yi bayan sanyi ya wuce. Cikin mahaya masu shuɗin kaya, wani tsoho na kasa daina kallo.

Gemunsa fari fat har ƙirji, rawaninsa ya yi tsiri, kewaye da zobban ƙarfe. Yana riƙe da mashi yadda makiyayan Birchi, can wajenmu, ke riƙe sanda, kamar ya manta yana hannunsa. Wasan shi ne mahayi ya sako doki a guje, ya tsire turken da aka kafa a ƙasa. Shekara guda yake jiran wannan rana, kuma ban san ko shekaru nawa suka rage masa ba.

Layi ya zo kansa. Dokin ya soma tafiya, sai tsohon ya ja linzami ya diro. Sai a lokacin na ga dokin yana ɗingishi. Ya durƙusa ya ɗaga ƙafar, yana shafa kofaton yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ina jin tare suka tsufa.

Wani saurayi a kan doki ya ɗaga murya, aka bushe da dariya. Jaslin ta fassara mini: "Wai, Baba, tsoro ne ko tsufa?"

Tsohon ya mayar masa da amsa. Na tambaye ta, "Me ya ce masa?"

"Ya ce, 'Duka biyun, ɗana. Wuce gaba.'"

Tsohon ya ratsa taron a ƙasa, yana auna takunsa da na dokin.