Rabin Buhun Auduga a Maska

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, muna karatun aikin gona, aka rarraba mana gonakin gwajin auduga a ƙasar Funtua. Tawa tana bakin gari, ta abokina kuwa can bayan Maska, a filin da wani dattijo Bamaguje ya ara masa. Abokin nan nawa ɗan Malumfashi ne, shi ke jan mu salla a masallacin ɗalibai.

Audugarsa ta yi kyau, ta fara fashewa ke nan garken shanu ya ratsa ta ciki. Ranar awo na je taya shi, abin da muka tsinto bai wuce rabin buhu ba. Wasu 'yan ajinmu biyu da suka biyo ni, waɗanda ba a raba su da sahun gaba a masallaci, suka ce ya rubuta nauyin da ya san zai samu da ba a yi ɓarnar ba, ai ƙiyasi ne, ba ƙarya ba. Ɗayansu har ya jawo masa hujja da Larabci.

Dattijon ya shiga gida ya fito yana jan buhun tasa audugar.

"Ɗana, ɗora a sikeli. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya. Malaminku yana can Zariya, ina zai gani?"

Abokina ya durƙusa. "Baba, na gode ƙwarai. Amma yanzu zan yi la'asar. Da wace fuska zan tsaya?"

 Sai tsohon ya ɗebo masa ruwan alwala a ƙwarya da hannunsa, ya share gindin ɗorawa, ya kore karnukansa, shi da bai taɓa kai goshi ƙasa ba. Ya koma gefe ya tsuguna har abokina ya sallame.  

Rabin buhun abokina ya rubuta. Malamin ya ce sai ya sake gwajin, wato ya maimaita shekara. Mahaifinsa ya yi fushi, ya jima ba ya amsa gaisuwarsa.

Ranar da aka yaye mu abokina ya zo cikin farar riga yana ta fara'a, ya rungume kowa. Bai tsaya cin abinci ba, ya ce ruwa ya sauka, zai bi motar Funtua ya je ya fara sharar gona.