Saiwar da Gwaggo Basiniya Ta Hana Kowa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Zinatu a unguwar Ranuna ta Madina ya san ba a gama gaisuwa da ita sai an fito da harshe. Ka ce, "Gwaggo, ina kwana?" Ta ce, "Lafiya lau. Yalla, buɗe in gani." Ta leƙa harshenka ta taɓe baki, ta kamo wuyan hannunka ta ɗora yatsu uku, ta lumshe ido kamar mai sauraron rediyo. In namiji ne, ta bayan gefen mayafi take kamawa, amma sai ta kama. Daga nan ta yanke hukunci: ko sanyi ya yi maka yawa, ko zafi, ko jininka ya yi kaɗan. Har mai kawo mana tukunyar gas bai tsira ba. Ni dai tun da nake, ban taɓa jin ta ce wa wani lafiyarsa ƙalau ba.

Yayar babana ce. Iyayensu daga Damagaram suka taso da ƙafa har Madina, ita kuma baƙa ce wuluk, amma Madina kaf Gwaggo Basiniya ake ce mata. Dalili kuwa, ta yi shekara ashirin tana girki a gidan wasu Musulmin ƙasar Sin a bayan Harami, waɗanda suka zo hajji hanyar komawa gida ta rufe musu. Tsohuwar gidan, Sitti Maryam, ita ta koya mata duba harshe da wata saiwa da suke kira dangwai. Da Sitti ta rasu, 'ya'yanta suka koma Ɗa'if, suka bar wa Gwaggo tukunyar ƙasa ɗaya da gwangwanin shayi cike da saiwar.

Ku da kuka sha ta kun san ƙamshinta, wanda yake kwana uku a mayafi. Saiwa ce mai kauri a sama, da jeloli a ƙasa kamar gemun bunsuru. Gwaggo ta ce kan yana tsayar da jini, tsakiyar tana ƙara jini, jelar tana korar jinin da ya kwanta. Ta mata ce, masu ciwon mara da masu jego, amma mai ciki ko ƙamshinta ba ta bari ta shaƙa. A tukunyar ƙasa kawai ake dafa ta da kaza, kwano uku na ruwa su tsotse su koma ɗaya. Ludayin ƙarfe in ya taɓa, ta ce magani ya mutu. Ga tsumulmula. Yankan da take yi, in ka ɗaga shi sai ka hango mutum ta ciki. Ta dafa sau uku, ta shanya a soro, ta ƙara dafawa, sannan ta tauna tukar.

Rigimarta da Inna Hauwa ungozoma kuwa, wannan kowa ya sani. Da Asabe maƙwabciyarmu ta haihu, Inna Hauwa ta zo da bokitin tafasasshen ruwa za a fara wankan jego. Gwaggo ta tare ƙofa.

"Mai jego ba ta taɓa ruwa sai ta yi wata. Haka ake a Sin."

"Nan Sin ne? Uwarki da ta haife ki, ba ta yi wanka ba?"

"Ta yi. Shi ya sa ta mutu da ciwon gwiwa."

"Tana da shekara casa'in?"

"Da ba ta yi ba, da ta kai ɗari."

Daga ƙarshe suka yi sulhu a kan Asabe. Safe da yamma Inna ta gasa ta da ruwan zafi, Gwaggo kuma ta naɗe ta da bargo ta rufe taga a tsakiyar zafin Madina, ga kunun kanwa ta dama, ga romon dangwai ta hagu. A kwana na biyar Asabe ta ce cikin kuka, "Don Allah ku bar ni in yi jegon Larabawa."

To, gwangwani dai ba rijiya ba ne. Saiwa ta fara ƙarewa. Gwaggo ta zaga shagunan masu kayan ƙamshi da magani, kowa ya shinshina ya girgiza kai. Sai ta koma tare alhazai a harabar Harami. Duk wanda ta ga idonsa ya yi kama da na Sitti, sai ta cusa masa saiwa a hanci. Alhazan ƙasar Jawa sun sha wuya a hannunta, bayin Allah, su yi ta murmushi suna ja da baya. Rannan dai ta dace da wani tsoho ɗan Sin na gaske. Yana shinshinawa sai hawaye, ya dafa ƙirji yana nuna mata da hannu cewa uwarsa ce take dafa wannan. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa, ta ciro 'yar wuƙarta ta yankar masa. Ta dawo gida tana huci.

"Na je ƙari, na dawo da ragi. Kada wanda ya yi mini magana."

Haka aka yi ta tafiya har saiwa ta rage guda ɗaya tal, babba, mai kyau. Gwaggo ta naɗe ta a farin ƙyalle ta ce wannan ta jegon Rabi ce. Ni ce Rabin. A lokacin shekarata takwas da aure ban taɓa ko ɓari ba. Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan ta ƙona mini rai. Duk mai jegon da aka hana, sai a ce ai an ajiye wa Rabi, mata su sunkuyar da kai. Sai nake ji kamar rashin haihuwata aka saka a gwangwani aka ɗora a kan kantar ɗaki kowa yana gani. Na je na same ta.

"Gwaggo, ki ba wa masu bukata. Ni na haƙura."

"Ke kika haƙura. Ni ban haƙura ba. Buɗe in gani."

Ƙananan jelolin kawai take tsinko mini duk wata don ciwon mara. Uwar saiwar kuwa ko matar limami ta roƙa ba ta samu ba.

Da jiki ya fara ƙi mata, mijina Sale, direban tasi, ya kai ta mustashfa, wato asibiti, da ƙyar. Likitan, wani Bamisire, ya ce ta fito da harshe. Ta ce, "Kai fara." Ya yi dariya ya fito da shi. Ta duba ta ce, "Ya duktur, ba ka barci, kuma shayi ya yi maka yawa." Ya ce wallahi haka ne, amma ita ma jininta ya yi ƙasa ƙwarai. A mota Sale ya ce, "To Gwaggo, ga mai ƙara jini a gwangwani." Ta ce, "Kai dai kalli titi."

Na roƙe ta ta sha saiwar, na yi kuka, na ce zan dafa mata da hannuna. Ta kamo wuyan hannuna kamar kullum. Ta daɗe ba ta saki ba. Sai ta ce, "Daga yau babu ke babu jelar nan." Na ɗauka fushi ta yi, na tashi na tafi gidana a unguwar Bani Harisa ina ƙunƙuni. Ashe wata biyu gare ni, ni kaina ban sani ba. A 'yan makonnin nan kuma Sale ya tsiri zuwa Ranuna duk la'asar, wai kai Gwaggo allura. Ya dawo yana ƙamshin dangwai, in tambaya ya ce ai duk gidan haka yake.

Ta rasu ina da wata biyar. Muka nemi gwangwanin sama da ƙasa, babu. Na ce shi ke nan, ta ba wani alhaji mai hawaye.

Kwana ɗaya da dawowata daga haihuwa, Inna Hauwa tana hura wutar ruwan wanka, sai ƙamshin nan ya cika gidan. Na lallaɓa na leƙa kicin. Sale ne durƙushe gaban tukunyar ƙasa, ya naɗe hannun riga, riƙe da ludayin itace, mutumin da ko shayi bai iya haɗawa ba. A gefensa ga ƙulli bakwai na farin ƙyalle, yankan siriri irin na hannun Gwaggo. Ashe allurar da ake kai ta ke nan. Ta zaunar da shi ya yi ta gwaji da citta, kwano uku su koma ɗaya, ta rantsar da shi kada ya faɗa. Ya ce sau huɗu ya ƙona tukunya, sau huɗu ya sha ludayi a ka.

Ya miƙo mini kwanon, sai ya janye. Idonsa ya ciko. Ya ce, "Ta ce kada in ba ki sai na duba. Buɗe in gani."

Na buɗe. Ya leƙa ya taɓe baki, ya ce shi fa bai san abin da ake dubawa ba. Muka yi dariya har Inna Hauwa ta shigo ta same mu muna kuka. Na shanye romon tas, na tauna tukar.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Zinatu, wadda ta zaɓi jinina a kan nata. Ya sanyaya makwancinta a Baƙi'a, Ya haɗa ta da Sittinta a Aljanna. Yarinyar da ta jira shekara tara ba ta gani ba, sunanta muka sa mata. Allah Ya sa ta gan ta a can.