Motar da Aka Ce Mana Sabuwa Ce

Shekarar da shinkafar fadama ta yi mana kyau a Gummi, ni da ƙanena muka haɗa hannu muka sayi a-kori-kura. A Sakkwato muka saye ta, wurin wani dila mai yawan fara'a. Kujerunta ma na cikin leda. Ya dafa ta ya ce da ni, "Alhaji, wagga mota sabuwa ce dal, kai za ka fara morar ta."

Damina na faɗuwa ta mutu mana a hanyar Nasarawa Burkullu, da buhunan taki a bayanta. Tarakta ce ta jawo ta gida. Da bakanike ya kwance murfin ƙofarta sai ya kira ni in gani. Busasshen taɓo ne danƙare a ciki, wayoyin duk sun ci tsatsa. Ya ce ruwa ya taɓa shanye ta a wata ƙasa, aka wanke aka sake mata fenti.

Na koma Sakkwato, yaran dilan suka ce ya yi tafiya. Na sake komawa, aka ce yana ɗaurin aure. Ranar da na same shi, lemo ya sa aka kawo mini, sannan ya ce ai ruwan fadamarmu ne ya shige ta. Haka na yi ta zirga-zirga har aka yanke gero, ga hanyar ba lafiya. Duk ranar da na fita, Inna ba ta cin abinci sai na dawo.

Ita ta gaji kafin ni. "Wagga tahiya ta isa hakanan," in ji ta. "Tahi da kawunka a yi ta ta ƙare."

Kawu malami ne, ya tsufa, mota na wahalar da shi, amma ya bi ni. Dilan ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya rantse shi ma cutar sa aka yi. Canjin mota nake nema. Abin da ya ce zai iya shi ne sabon batir da gyaran wayoyi. Kawu ya dube ni, na dubi ƙafafunsa da suka kumbura, na ce na karɓa.

Ƙanena ya daɗe yana fushi da ni, ya ce na yi saurin saki. Yanzu shi ke jan ta, yana ɗaukar bulo a cikin gari. Ba ya kai ta inda ba za a iya turo ta gida ba.