Kumburin da Gwaggo Hajo Ta Hana Mu Kira Ƙiba

Shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi aiki a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu da ke bayan Galadi. Allah Ya jiƙanta da rahama. Ina amarya ta rasu, ba ta ga ɗiyata Rukayya ba, amma a bara iliminta ne ya tsaya tsakanin yarinyar da kabari.

Gwaggo tana da wata ɗabi'a da mata ke yi mata dariya a kai. Duk yaron da aka miƙa mata, ko a gidan suna ne, kafin ta dubi fuskarsa sai ta kama ƙafarsa, ta danna babban yatsa a bayan ƙafar, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Har "Mai Latsa" ake kiranta. Wata rana na ce, "Gwaggo, ke ba ki iya ɗaukar yaro sai kin matse shi?" Ta ce, "Taho nan, mai bakin tsiya, ki gani. In nama ne, yana tasowa. In rami ya zauna, ruwa ne, yunwa ce ta cika shi. Kar ki kwana da shi gida."

Yanzu sha-ka-tafin a rufe yake. Tun da 'yan bindiga suka hana mu gona muka komo Shinkafi, mu da uwar mijina, Inna, a ɗaki ɗaya na aro. A nan na yaye Rukayya da kunun gero tsura. Bayan wata biyu kumatunta suka cika, ƙafafu suka yi sumul. Inna sai murna: "Kin gani ko? Yaye ya karɓe ta. Ɗiyar ga ta fi ki kyan jiki!" Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya, don yarinyar ta bar wasa, gashinta ya yi ja. Na danna ƙafarta, na ƙirga uku. Rami ya zauna.

Inna ta ce na cika tsoro. Gaskiya ne, ina da tsoro. Na goya Rukayya zuwa asibiti duk da haka. A asibiti suka ce tamowa ce mai tsanani, suka ba mu gado nan take. Da madara aka fara, sannan abincin nan na leda mai ɗanɗanon gyaɗa, har ta miƙe aka sallame mu.

Da Gwaggo za ta leƙo yau, na san za ta ji daɗin wasu abubuwa. Za ta so igiyar awon hannu mai ja da ɗorawa da kore da ake ba uwaye su riƙe a gida, da ƙwayoyin zazzaɓi da ake rabawa da damina. Amma da ta tsaya layi tare da ni, ranta zai ɓaci. Wata uku bayan sallama Rukayya ta rame, muka koma asibitin. Kuma fuskokin da na bari, su na tarar: matar nan daga Zurmi mai tagwaye, da wata daga wajen Sakajiki da ta zo karo na uku. Ana warkar da yaran, su koma gida, su dawo.

Me ke komo da su? Ruwan rijiyar da muke sha ne, da gudawar da ba ta ƙarewa? Ko kunun ne? In mace ba ta da gona, sai ɗan gero da wake da zogalen bayan gida, ta yaya za ta haɗa su yaro ya tsaya? Ni karatuna aji huɗu ne, ban san amsar ba. Masu ilimi ya kamata su bi mu gida su gano.

Gwaggo ba ta bar gida ko shanu ba. Abin da ta bari shi ne rashin yarda da abin da ido ya nuna sai an bincika, da rashin jin kunyar tambaya. Wannan na gada, kuma ba zan sake shi ba, don makon jiya aka sake sallamar Rukayya, ni kuwa na ƙudura ba za ta hau wannan gadon sau uku ba.

Ranar sallamar wata ma'aikaciya ta zo da takarda tana tambayarmu yara nawa ke gare mu, an yi musu rigakafi ko ba a yi ba. Na amsa duka. Da ta tashi tafiya na riƙe gefen hijabinta, na ce, "Malama, saura tawa. Me ya sa suke dawowa?" Ta ce wannan ba ya cikin takardarta. Na ce ta juya bayan takardar. Ta dube ni, ta dubi Rukayya, ta zauna ta rubuta.