Gandiroba Tsurumaki da Idon Kinako

Shekara talatin da huɗu Tsurumaki Genzo ya yi yana aikin gandiroba a wani gidan yari a tsibirin Hokkaido. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha labarin ranar da ya danne wani ƙaton fursuna da hannu ɗaya. Matarsa Fusae ta ji labarin har ta fi shi iya ba da shi. Da ya yi ritaya, bai samu wanda zai daka wa tsawa a gida ba sai Kinako, kyanwar Fusae mai shekara goma sha bakwai, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Wata rana idon Kinako na hagu ya kumbura, ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ta daina cin kifi, ta koma lungu tana runtse ido. Likitar dabbobi Hoshikawa ta ce ruwan cikin idon ne ya taru yana matse shi, kuma zafinsa ba na wasa ba ne. A ɗiga magani sau uku a rana. In bai yi ba, sai a cire idon.

"A cire? Ina raye?" in ji Genzo. "Likita, ba ni kwalbar nan. Masu kisan kai ma sun bi umarnina."

Hannun Fusae na rawa saboda tsufa, don haka aikin ya faɗa kan jarumin. Ya rubuta jadawali ya manna a bango, ya sa safar hannun aikin lambu, ya naɗe Kinako a tawul. Ɗigon farko ya sauka a tabarma. Na biyu a kunnenta. Kafin na uku ta tsage masa haɓa ta shige ƙarƙashin teburin ɗumama ƙafa.

"Baban yara, sannu da fama," in ji Fusae tana shan shayinta. "In kira maka 'yan sanda su kawo ɗauki?"

"Ke dai riƙe mini ƙafafunta!"

"A'a, ni ban yi horon gidan yari ba."

Mako uku ana wannan yaƙi. Ya dai iya ɗigawa daga baya, amma idon sai ƙara fitowa yake, Kinako ta rame, in ta ji takunsa sai ta ɓuya. Wannan ya fi yakushin cin ransa, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Da suka koma asibiti, Hoshikawa ba ta ɓoye masa ba. "Baba, idon nan ya daɗe da daina gani. Kai ne kake jin kunyar kyanwa mai ido ɗaya. Ita ciwo take ji."

Genzo ya jawo takardar amincewa da a cire idon. Ya zaro hatiminsa ya buga a takardar.

Kwana huɗu bayan aikin, Kinako ta cinye kifinta, ta haye tebur ta ɗauke nasa. Ya kalle ta, ya ci shinkafarsa gaya. Da maƙwabta suka zo dubiya, ya sanar da su cewa tun ranar farko shi ya ba likita shawarar a cire idon, ita ce ta tsaya jan ƙafa. Fusae ta ƙara musu shayi.

Kinako ta ƙara shekara biyu a duniya, yawancinsu a kwance kan jaridarsa. Shi kuma ya riƙa karanta abin da ta bar masa a gefe.